Ƙwaƙwalwar da Tsoho Ya Sayo a Maradi

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma wannan ba a bakin kakanni na ji ta ba. A zauren gidanmu aka yi ta, nan Dakoro, ina tsaye ina gani. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Ni ke faɗi, wata ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunanshi ba, shi ya fasa bangon zaurenmu ta wajen hanya ya mai da shi shago. Ya sa tebur da benci, ya kawo wani inji da suke kira ordinata: baƙin akwati a ƙasa, gilashi a bisa tebur. Da shi yake buga wa mutane takardu, yana fitar musu da hoton katin shaida da na ƴan makaranta. A tarbiyyarmu uwa ba ta nuna ɗan fari, don haka ko leƙa shagon ban taɓa yi ba yana ciki. Sai da Allah ya karɓi abinshi na fara shiga, ina share ƙasa, ina goge akwatin da bakin zanena.

Ya bar ɗiya guda. Ita kam babu kunya tsakanina da ita, abin da ban ba ubanta ba duk a kanta na juye. Ta yi karatu a Maradi, ta dawo ta buɗe shagon, muka zauna mu uku a gidan: ni, da ita, da kakanta. Maigidana mutumin wajen Bader Gula ne, da kiwo ya tashi, a dillancin dabbobi ya tsufa. Shi yana kiran ta amarya, ita tana kiran shi ango, wani lokaci ta ƙara da cewa angon da ba haƙori. Ita ke ɗiga mishi maganin ido. Ita ke tsokanar shi har ya manta ya ce ba ya jin yunwa, ya cinye tuwonshi.

To, inji ya tsufa. Takarda dai yana bugawa ba laifi, amma zamani ya juya, mutane sun koma son bidiyon biki, a haɗa musu da kiɗa da hotunan amarya. In ta ɗora mishi wannan aiki sai ya yi ta gurnani kamar raƙumin da aka cika wa kaya. Hoto ya tsaya cak, mai rawa ta daskare da ƙafa ɗaya a sama, mai biki ya zauna a benci har ya gaji ya tashi. Sannu a hankali suka koma wani sabon shago da aka buɗe kusa da tasha.

Baffanta, ƙanen ubanta, fataucin hatsi yake yi tsakanin Maradi da Jibiya. Wata rana ya zo gaishe mu, ya tarar da ita ita kaɗai a shago tana korar ƙuda.

Ya ce mini, "Inna, yarinyar nan zaman banza take yi. Na yi mata magana da wani abokina a Maradi, shago babba, injuna sabbi. Sai ta zauna gidana."

Ba mugunta ya nufa ba, gaskiya ya faɗi. Ita ma ba ta musa ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, ka ba ni zuwa bukukuwan kaka. In injin Baba bai tashi ba, zan bi ka."

Tsoho yana kan buzunshi yana jin su. Ranar furar da na dama mishi haka na ɗauke ta.

Bayan haka da ƴan kwanaki, da hantsi, ta kwantar da akwatin bisa tebur ta kwance gefenshi da turnabis, ƙarfen nan na kwance ƙusa. Mu biyu muka shigo kallo. A ciki akwai wani faranti kore shimfiɗe, da ƴan gidaje da hanyoyi a kanshi kamar gari in ka hango shi daga kan tudu. Ta ce sunanshi kart-mer, komai na injin a jikinshi yake rataye. Mu dai uwar inji muka riƙa ce mishi. Ta cire wata ƴar fanka, ta ɗaga wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙugiya, ta fito da wani abu mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun jariri ba, bayanshi azurfa, cikinshi ɗige-ɗigen zinariya.

Ta ce, "Ango, ka ga mai laifin. Purosesar ke nan, shi ne ƙwaƙwalwar. Duk tunanin injin shi ke yi, kuma ya gaji. Da zan sami wanda ya fi shi ƙarfi, da an wuce wurin."

Ya ce, "Wanga ɗan abu? Ina aka samun shi?"

"Maradi, ko Kano. Ba yanzu ba dai."

Aka kira ta a waya, ta fita ƙofa neman rezo, inda waya ke kamawa. Sai na ga tsoho ya duƙa ya zaro tsinke daga tsintsiyata. Ya ɗora shi a kan abin nan ta tsawo, ya sa farce ya karya daidai. Ya juya shi ta faɗi, ya ga duk ɗaya ne. Ya cire hula ya soke tsinken a cikin naɗinta, ya mai da ita kai. Ya dube ni, na dube shi.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san wannan ba. Mu da tsinke muke aike. In za a sayo wa yaro takalmi, a auna ƙafarshi da kara a ba mai zuwa kasuwa. Murfin tukunya, zoben amarya, bakin tulu, duk haka. Takalman ƴaƴana duka da awon kara aka sayo su, ba wanda ya taɓa matse ƙafa. Da na ga abin da ya yi, a raina cewa na yi mutumin nan har yanzu da sauran dabara.

Akwai wani rago da yake kiwo a bayan ɗaki, fari mai baƙin wuya, wanda ko ni ba ya bari in ba shi dussa don wai ban iya ba. Ranar kasuwar Sabon Maci ya sa aka ɗora shi a mota, ya ce mana zai je ya ga tsofaffin abokai. Daga can bai juyo gida ba, ya wuce Maradi. Abin da ya faru a can daga bakinshi na ji. Ya yi ta tambaya har aka nuna mishi shagon masu kayan inji, ya zauna, ya fito da tsinke ya ce a ba shi ƙwaƙwalwa mai wannan girma, wadda ta fi kowace ƙarfi. Mai shagon, wani saurayi mai ladabi, ya ce, "Baba, wace irin kart-mer ce a injin?" Tsoho ya ce baƙin akwati ne. Saurayin ya ce a kira mai injin a waya a tambaye ta. Tsoho ya ce ba a shawarar tsaraba da mai ita. Shi a ganinshi duk tambayoyin nan irin jan rai ne na ƴan kasuwa, wanda shi ma ya yi wa mutane shekara da shekaru. Da saurayin ya ga ba zai ji ba, ya fito da sabuwa a cikin ƴar roba. Tsoho ya gwada tsinke, ya zauna daidai ta ko'ina. Aka yi ciniki, aka sa albarka. Har ya kai ƙofa saurayin yana ce mishi in ba ta hau ba a dawo da ita, kada dai a tilasta mata.

Ya dawo a motar baffan yarinyar, bai gaya mishi komai ba a hanya. Washegari da safe ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya tara mu a shago, ya zaro ƙullin ƙyalle daga aljihu.

Ya ce, "Amarya, ga kayan lefenki. Kada ki ce angonki bai iya hidima ba."

Ta kwance. Da ta ga abin da ke ciki sai ta zauna a benci. Ta dubi kakanta, ta leƙa ta ƙofar cikin gida wajen turken da ba rago, ta sake duban shi. Sannan ta kai abin kusa da ido tana karanta ƙananan rubutun da ke bayanshi. Ni na san fuskarta tun tana cikin zanen goyo. Na ga murna ta shigo, na ga wani abu ya biyo bayanta.

Ta ce, "Ango, wa ya gaya maka irin wadda za ka sayo?"

Ya cire hula ya nuna mata tsinken. Baffanta ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunshi suna motsi.

Tsaraba ce ta babba, ba a mai da ita da baki. Sai ta buɗe akwatin, ta cire fanka, ta ɗaga ɗan ƙarfen, ta fitar da tsohuwar ƙwaƙwalwa. Ta ɗora sabuwar a gurbin a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Girma kam ɗaya ne, tsinke bai yi ƙarya ba. Amma ba ta kwanta ba, gefe guda ya ɗan ɗaga.

Tsoho ya ce, "Sabuwa ce, shi ya sa. Danna ta."

"Ba a dannawa."

"Ke ba ki da ƙarfi, kauce."

Ya miƙa babban yatsanshi, yatsan da ya saba danna ƙugun bijimi don jin kitse. Ta cafke wuyan hannunshi da hannu biyu. Ban taɓa ganin ta riƙe shi haka ba.

Ta ce, "Kaka." Ba ta ce ango ba. "Ka tsaya in nuna maka."

Ta ɗauke sabuwar, ta kunna fitilar wayarta ta haska gurbin. A ciki wasu ƴan allurai ne jere, sun fi ƙayar ƙarangiya ƙanƙanta, suna ƙyalli. Ta ce in ɗaya ta lanƙwashe, uwar injin ta mutu ke nan, kuma irinta an daina yi, ko a Kano sai an dace. Tsoho ya janye hannunshi ya ɓoye a cikin riga.

Sai ta shimfiɗa farar takarda, ta ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. Ta ɗauke su hoto da waya, ta buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika gilashin, ta ba shi. Ta ce ya dubi bakin kowace. Ya kai wayar nesa, ya kawo ta kusa, ya runtse ido ɗaya. A gefen kowace akwai ƴar tsaga nan da can. Ta tsohuwar tana kusa da kusurwa, ta sabuwar ta ɗan gangaro. A cikin gurbin kuma akwai ƴan ƙulluma da aka yi don su shiga tsagar.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Tsagar kunne ce."

Ta ce, "Ita ce."

"Wagga ba ta garken nan ba ce."

"Ba tashi ba ce, Kaka. Mai kyau ce, ta ma fi ƙarfin injin. Amma an haife ta bayan an gama yayin uwar."

Ya ajiye wayar, ya fita ya koma kan buzunshi da babbar rigarshi. Baffan ya buɗe baki zai yi dariyar da ya riƙe, na dube shi, ya rufe.

Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta haska farantin nan kore har ta gano sunanshi a rubuce tsakanin hanyoyin, ta shigar da shi a waya, ta bincika irin ƙwaƙwalen da uwar ke karɓa. Ta ce mini kaɗan ne, duk na zamaninta, kuma babbar cikinsu sai dai ta hannu, wadda aka ciro daga wani injin. Ta ce ko ita ma uwar ba za ta gane ta ba sai an sabunta wani ɗan karatu da ke cikinta tun daga maƙera, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi, an yi asara gaba ɗaya. Wutar garinmu kuwa kun san halinta. Ta mai da tsohuwar ƙwaƙwalwa, ta ɗora akwatin a ka kamar tulu, ta kai shagon maƙwabcinmu tela mai wutar rana, ta yi abin a can. Ta dawo ta ce uwa ta shirya, saura baƙuwa.

Nan ne maganar ta tsaya. Ba wani rago a turke, sai an mai da sabuwar kafin a sami waccan. Tsoho kuwa ya ce ba za a mai da ita ba.

Ku gane, a kasuwar dabbobi in aka tafa hannu aka ce albarka, magana ta ƙare. Ko akuyar ta faɗi a bakin kasuwa, taka ce. Mutumin nan tun yana saurayi yake raba masu son warware ciniki, yana ce musu ba a yi. Da wannan aka san shi daga Bader Gula har Sabon Maci. Yarinyar ta ce ita za ta kai. Ya ce ko wa ya kai, hannunshi ne aka tafa. Baffan, da ya ji yadda aka yi a can, ya ce mai shagon da kanshi ya ce a dawo da ita. Ya ce wannan kirkin yaron ne, ba a cin kirkin yaro. Ya ce a sa ta a akwatin tufafi, wata rana za ta yi amfani.

Gero ya fara nuna a gonaki. An fara kawo goron gayyata gida-gida. Yarinyar ta daina zancen, na ga ta fara wanke tufafinta tana ninkewa.

Ni ban saba sa baki a sha'aninshi na kasuwa ba, tun ina amarya. Amma ranar na kai mishi fura da azahar, na zauna a bakin tabarma, abin da ban cika yi ba.

Na ce, "Malam, ɗayanku zai tafi Maradi. Ko kai ka tafi da kunyarka ka dawo, ko ita ta tafi da akwatinta."

Ya ce, "Ke ma kin koma bayansu."

Na ce, "Ni ban iya ɗiga maganin ido ba. Hannuna rawa yake yi."

Ya sha fura, ya ajiye ludayi. Na ɗauke ƙwaryar na tashi. Da la'asar na ji shi a ƙofar shago yana cewa, "Amarya, gobe ki shirya ki raka ni. Amma in mun je, ki kama bakinki sai na neme ki."

Yadda aka yi a can, ita ta ba ni labari, tana yi tana share hawayen dariya. Ta ce da suka shiga, saurayin ya gane shi, ya miƙe zai karɓi ƙullin. Tsoho ya ɗaga mishi hannu. Ya zauna, ya gaishe shi, ya tambayi iyayenshi da kasuwa da ruwan bana. Sannan ya kwance ƙyallen ya ce, "Yaro, ina da wata haja ta sayarwa. Sabuwa ce, ba ta taɓa aiki ba, a wurin mutumin kirki na same ta. Ko kana saye?" Saurayin ya dube ta, ta ƙifta mishi ido. Sai ya gyara zama, ya ɗauki abin ya jujjuya kamar bai taɓa ganin shi ba, har da cewa kasuwarta ta ɗan faɗi. Tsoho ya ji daɗin wannan ƙwarai. Suka ja, suka ja, aka tafa hannu aka sa albarka. Sai da aka gama wannan sarai, ya gyara hula ya ce, "To, yanzu kuma ni mai saye ne. Amarya, faɗa mishi tsagar garkenku." Ta faɗi sunan uwar injin da irin wadda take so. Saurayin ya shiga ciki ya daɗe yana bincike, ya fito da ita a cikin ƴar takarda, ya sa ta a wani injin ya gwada a gabansu. Tsoho ya karɓa ya duba gefenta da kanshi kafin ya yarda a yi ciniki na biyu.

Da suka dawo a motar baffanta, ba a tara kowa ba, amma kowa ya zo, har tela. Yarinyar ta ɗora ƙwaƙwalwar a gurbin, ta kwanta lamo ba tare da an taɓa ta ba. Ta mai da ɗan ƙarfen. Ta matso wani farin mai kamar ƙwayar wake a bayanta, ta ce don kada zafi ya cinye ta, ta ɗaura fanka. Ta ce bismillah ta danna. Fanka ta juya, gilashi ya yi baƙi ya zauna a haka. Na ji tsoho yana jan carbi da sauri. Sai injin ya yi ɗan ƙara sau ɗaya, haske ya kawo.

Ta ɗora mishi bidiyon wani biki da ya gagare shi tun bara. Mata suka shiga fili suka yi rawarsu har suka fita, ba wadda ta tsaya. Ta ce ba zai kamo na shagon tasha ba, amma zai yi aikin. Baffanta ya kalla har ƙarshe, ya ce tun da abin ya tashi a fitar mishi da hoton katin shaida, nashi ya tsufa. Washegari ya koma Maradi shi kaɗai.

Baffan yana nan yana fataucinshi, ya yi tumbi, ƴaƴanshi ne ke tuƙa motar yanzu. Saurayin mai shago ya yi aure, ya ƙara buɗe wani shagon, kuma duk wanda zai zo Dakoro sai ya ba shi saƙon gaisuwa gidanmu. Tela ya koma garinsu. Tsoho ya ƙara ganin damina da dama, kullum a ƙofar shago yana yi wa masu jiran hoto ciniki a kan awakin da ba nashi ba. Ya rasu bayan an gama girbi, da rana tsaka, kanshi a kan cinyar yarinyar, Allah ya jiƙanshi. Ita ta auri wani malamin lakwal da ke koyarwa a Birnin Lalle, shi ke zuwa yana dawowa a babur, ita tana nan a shagonta. Ta sayi sabon inji daga baya, tsohon kuma ƴan matan unguwa ke koyon buga takarda a kanshi. Ni kuwa ga ni nan, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, ina zaune a tsakar gida da ɗanta a cinya, yana ja mini ɗankwali.